Wasan mutum ɗaya ko na ƙungiya: wanne 'yan dirama na Gombe za su kai bikin Firinj?

Duk inda 'yan dirama suka zauna a Gombe aka taɓo maganar fita da wasa zuwa bikin Firinj (Fringe), wato bikin wasannin da kowa zai iya shiga ba sai an gayyace shi ba, gardama ɗaya ce ke tashi. Wasu su ce a haɗa ƙarfi a tura mutum ɗaya da wasan da shi kaɗai zai tsaya ya yi, wasu kuma su ce ina, ai tare aka sha wahala, ko a tafi da kowa ko a haƙura. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma na lura da yawa daga masu gardamar ba su san yanda bikin kansa yake tafiya ba, alhali rabin amsar tana cikin tsarin bikin.

A 1947 aka fara wani babban bikin fasaha a Edinbara, babban birnin Sikotland, aka gayyaci manyan ƙungiyoyi, sai wasu ƙungiyoyin wasan kwaikwayo guda 8 da ba wanda ya kira su suka taho abinsu, suka nemi 'yan ɗakuna a cikin gari suka yi wasanninsu. Daga nan abin ya samo asali, kuma har yau ƙa'idar ba ta canza ba, babu kwamitin da zai zauna ya tace ya ce wannan ya isa wannan bai isa ba. In ka samu ɗakin da zai karɓe ka ka biya kuɗin rajista shikenan ka shiga. A watan Agusta ake yi, sati uku da 'yan kwanaki, wasanni sama da 3,000, a 2019 an sayar da tikiti sama da miliyan 3. Wasu garuruwa ma suna da nasu, akwai na Adelaide a Ostareliya, akwai na Makhanda a Afirka ta Kudu, mu kuma a nan gida akwai Lagos Fringe da aka fara a 2018, ana yi a watan Nuwamba, cibiyarsa Freedom Park, tsohon gidan yarin Turawa na Broad Street da aka mayar wurin shaƙatawa. Gaskiya ga ɗan Gombe Legas ce maganar da ke kusa, Edinbara sai dai a sa ta a gaba a matsayin buri.

Toh tunda ba wanda ya gayyace ka, ba wanda zai biya maka komai. Ba irin NAFEST ba ne, wato bikin fasaha da al'adu na ƙasa, da gwamnatin jiha za ta kwashi tawaga ta zuba a bas ta ba su masauki. Kuɗin mota naka, makwanci naka, abinci naka, fosta da fulaya naka, ɗakin wasan ma ko dai ka yi haya ko ku raba kuɗin tikiti da mai ɗakin, a Edinbara an saba kashi 60 naka 40 nasa, kuma galibi akwai wani adadi da dole ka ba shi ko da mutum uku ne suka shigo kallo. Sannan ɗakin ba naka ba ne kai kaɗai. Awa ɗaya ake ba ka a rana, kafin kai akwai wasu bayanka akwai wasu, tsakani kaman minti 10 ko 15 ne za ka shigo da kayanka ka jera, in ka gama ka kwashe ka ba na gaba wuri. Wanda ya saba da mu kafa fada guda a kan dandamali da karagar sarki da darduma da labule tun safe, to ya manta da wannan.

Ta fannin kuɗi kam ba ma sai an ja magana ba, wasan mutum ɗaya ya yi wa na ƙungiya fintinkau. Gombe zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, kwana ake a hanya. Ka ɗauki kuɗin kujera ɗaya zuwa da dawowa ka ninka sau takwas ko goma, ka ɗora kuɗin kaya saboda ganguna da kalangu da buhun kayan sawa ba a cinya za su zauna ba, ka ɗora ɗaki aƙalla biyu don maza da mata ba za su kwana wuri ɗaya ba, ka ɗora abinci sau uku a farashin Legas. Duk wanda ya taɓa raka ƙungiya ko Bauchi ce, kilomita 150 kacal, ya san yanda kuɗi ke narkewa a hannun ma'aji, wannan bai karya ba, waccan katinta ya ƙare tana son kiran gida, wancan cikinsa ya ɗaure sai an sai magani. In kuma Birtaniya ce, kowane mutum da fasfonsa da bizarsa da takardun bankinsa. Bikin Edinbara yana cikin jerin bukukuwan da aka yarda ɗan wasa ya shiga da bizar baƙo ba sai da izinin aiki ba, amma bizar dai sai an nema, kuma in mutum goma suka nema aka hana wanda yake fitowa a sarki, wasan ya mutu tun a gida.

Sai dai kar sunan ya ruɗe ku, wasan mutum ɗaya ba mutum ɗaya ke tafiya da shi ba. Kana kan dandamali wa zai kunna fitila ya rage ta, wa zai saki sauti a daidai gurbinsa, wa zai tsaya bakin ƙofa, wa zai ɗauki bidiyo? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mafi ƙaranci mutum biyu, ku sa haka a lissafi tun farko.

Rihaza kuma ita ce ke kashe ƙungiyoyinmu, ba rashin basira ba. An sa ƙarfe huɗu bayan la'asar a wani ajin firamare a Tudun Wada. Darakta ya zo ya ja bencina gefe ya share ƙasa yana jira. Mai fitowa a maigida tela ne, ɗinkin biki ya riƙe shi, mai fitowa a ɗan sanda Keke Napep yake tuƙawa ya ɗauko fasinja zuwa Tumfure, jarumar tana lakca a jami'a malamin ya ƙi fita, kafin a cika biyar da rabi ta wuce, a yi fitowa ɗaya da rabi sai ka ji an kira magariba kowa ya nemi takalminsa. Kuma ba za ka ga laifinsu ba tunda ba biyansu ake ba, kowa da abin da yake ci da kansa. Ana cikin haka wata uku su wuce, sai a ce an sa wa jarumar rana, ko wanda ya fi kowa haddace layinsa ya tafi bautar ƙasa, a koma farko. Mai wasa shi kaɗai duk wannan bai shafe shi ba, bayan asuba zai iya yi a ɗakinsa, a kan hanya yana maimaitawa a zuci. Amma fa shi ma yana da nasa ramin, ba ya ganin kansa. In babu wani mai ido da zai zauna a gabansa ya ce nan ka daɗe, nan ban gane wa ke magana ba, to zai yi wata biyu yana burge madubi.

Mu fa wannan sana'ar ba baƙuwarmu ba ce. Kakar da ke zaune a tabarma ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta yi tsamin bakin Gizo, ta juya ta yi Ƙoƙi, ta ƙara kauri ta yi kura, ba ta tashi daga inda take ba amma yara sun ga daji sun ga fada, ai wasan mutum ɗaya take yi. Haka ɗan kama da yake kwaikwayon karatun malamai alhali duk zancen tuwo da nama yake jerowa, haka mai maganin gargajiya a tasha da yake tara mutum hamsin da baki kawai. Bambancin shi ne su masu kallonsu suna tsaye, wanda ya gaji ya wuce wani ya maye gurbinsa, kai kuma mutane sun biya kuɗi an rufe ƙofa, awa guda cur ba inda za su je sai fuskarka.

Bari in ba da misali da yanda abin yake in an iya shi. A ce labarin yaron da ya bar Dukku ya tafi ci-rani ne. Kayan wasan duka kujera ɗaya da mayafi ɗaya. Ya yafa mayafin a kai ya ɗan sunkuyar da kafaɗa, muryar ta yi ƙasa, ya zama uwar tana ƙulle masa 'yan kuɗi a bakin zani tana ce masa ka riƙe sallah. Ya zare ya saɓa a kafaɗa ya turo ciki, ya zama kawun da ya yi alkawarin aiki a birni. Ya ɗaura a ƙugu ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan kujerar yana dukan bayanta, ya zama kwandasta. Ya naɗe shi ya rungume, ya zama jaririn da aka haifa bayan tafiyarsa. In ɗan wasan ya ƙware ba za ka taɓa tambayar wa ke magana yanzu ba, tun kafin ya buɗe baki wuyansa da tsayuwarsa sun gaya maka. In kuma bai ƙware ba wallahi minti goma sai ka ji kaman an tsare ka a wa'azin da ba ka shirya ba. A wasan ƙungiya mai rauni yana ɓuya a bayan masu ƙarfi, in ka manta layi abokinka zai jefo wata magana ya ɗauke ka ba wanda ya lura, in ka tashi da zazzaɓi wani zai riƙe maka. Kai kaɗai kuwa in layi ya ɓace shiru ne kawai da idanu, in muryarka ta dushe a kwana na huɗu babu wasa, kuɗin ɗaki kuma yana nan yana tafiya. A Edinbara mutane kan yi sama da kwana 20 a jere da hutun kwana ɗaya a tsakiya. Kuma don Allah kar wani ya ce ai wane yana da mabiya a TikTok shi za a tura, barkwancin minti ɗaya da aka ɗauka sau goma aka yanke aka haɗa daban, riƙe ɗaki na awa guda daban.

Inda masu cewa a tafi da ƙungiya suka fi gaskiya shi ne maganar harshe, kuma abin mamaki su kansu ba su cika kawo wannan hujjar ba. Wasan mutum ɗaya kacokan a kan magana yake tsaye. Habaicin da zai sa 'yan Jekadafari su faɗi ƙasa don dariya, zambo, karin magana, gatse, in ka kai su gaban mutanen da ba sa jin Hausa sun zama iska. Eh akwai Hausawa birjik a Legas, Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende, amma ba za su taso su zo Freedom Park haka kawai ba sai kun bi su har inda suke kun gayyato su, mafi yawan waɗanda za su zauna a gabanka Turanci da buroka suke ji. Wasan ƙungiya kuwa yana da abin da ba ya buƙatar tafinta, kalangu, waƙa da amshi, tsayuwar 'yan dambe, rawar Tangale ko ta Tera ko ta Fulani, wanda bai ji kalma ɗaya ba ma zai fita yana cewa ya ga wani abu. Wato wanda ya fi sauƙin ɗauka a mota shi ne ya fi wuyar tsallake harshe. Mafita biyu ce kuma duka da ciwo. Ko dai ka cakuɗa, uwa ta yi Hausa, kwandasta ya yi buroka, mai ba da labarin ya yi Turanci, wanda ni na fi so saboda haka rayuwar take a gaske. Ko kuma a haska fassara a bango da furojekta, amma sai mai latsawar ya san wasan kaman kai, in ba haka ba mutane za su karanta abin dariyar su yi dariyarsu kafin ka faɗa, ko idonsu ya tafi bango ya bar fuskarka da ita ce duk jarinka.

Masu kallo ma lissafinsu ya bambanta tsakanin gida da waje. A Gombe kowane ɗan wasa da jama'arsa yake zuwa, uwa da ƙanne da 'yan majalisa da budurwa da ƙawayenta, mutum goma a dandamali sun cika maka zaure ba tare da ka buga fosta ba. Ka ce wasan mutum ɗaya za a yi, tambayar farko ita ce wai shi kaɗai, to ina sauran? Wasu za su ɗauka lakca ce. A waje kuwa ba ka da kowa, da ƙafarka za ka nemo masu kallo. A Edinbara akwai titin Royal Mile inda 'yan wasa ke wuni suna raba fulaya suna roƙon mutane su zo, to mutum takwas da manyan riguna da kalangu dole a tsaya a kalle su, kai kaɗai kuma muryar da za ka yi wasa da ita da yamma ita kake ƙonawa a titi da rana. Amma ta wani gefen ƙaramin ɗaki mai kujera 40 ya ishe ka, haya ba tsada, mutum 15 a ciki sai ka ga wuri ya yi rai, alhali mutum 15 ɗin nan a zaure mai kujera 150 da ƙungiya ke buƙata abin tausayi ne. Akwai ma tsarin da ba a sayar da tikiti, ba ka biyan hayar ɗaki, in an gama ka tsaya bakin ƙofa da bokiti kowa ya jefa abin da ya ga dama, wannan kuwa da ƙaramin wasa ya dace.

Za ku ji ana ba da labarin Fleabag, wasan da Phoebe Waller-Bridge ta yi ita kaɗai a Edinbara a 2013, ya zama shirin BBC a 2016 duniya ta san ta. Masu son ƙungiya su ma suna da nasu, Six, wasan waƙa na mata shida da ɗaliban jami'ar Kambirij suka kai a 2017, ya kai manyan dandamalin Landan da New York. Duka gaskiya ne amma cikin dubbai ake ƙirga irinsu, mafi yawan masu zuwa ko uwar kuɗinsu ba sa mayarwa. Abin da ya fi kusa da mu shi ne masu shirya wasu bukukuwan suna yawo a Firinj suna neman abin da za su gayyata, kuma wasan da tikitin tafiya biyu ko uku zai kawo shi ya fi saurin samun kira. Ko an dawo gida ma haka ne, ƙaramin wasa zai shiga mota ɗaya ya je Kashere ya je Billiri ya je Kaltungo ya je Bajoga, aji ɗaya ya ishe shi.

Maganar mata sai an faɗe ta a fili. Labaran da suka fi dacewa da bakin mutum ɗaya da yawansu a wurin mata suke, zawarci, zama da kishiya, talla, jiran mijin da ya tafi bai waiwayo ba. Amma Baba zai fi saurin barin 'yarsa ta bi tawagar da akwai wasu matan da wani dattijo da ya sani, a kan a ce masa ita kaɗai za ta Legas ta tsaya gaban jama'a. Dabarar ita ce mutum na biyun nan da dole a tafi da shi ya zama yayanta ko ƙaninta, a koya masa fitila da sauti tun daga ranar farko ta rihaza, ba aiki ne mai wuya ba.

Ni in aka tambaye ni, ga mafi yawan ƙungiyoyinmu ba ɗaya ba goma, 'yan wasa biyu da mai fitila ɗaya. A 1981 a Market Theatre na Johannesburg, Percy Mtwa da Mbongeni Ngema tare da darakta Barney Simon suka fito da Woza Albert!, mutum biyu ne da akwatunan katako, suna fitowa a mutane bila adadin, in za su zama Bature sai su ɗora wani ɗan hancin roba mai launin hoda, da wannan suka zaga duniya a lokacin mulkin wariyar launin fata. Mutum biyu suna ba ka gardama, suna ba ka waƙa da amshi, ɗaya zai iya riƙe kalangu ɗaya na magana, in ɗaya ya ɓata ɗaya ya dawo da shi, kuma kujera uku ce a mota. Wasan mutum ɗaya tsantsa a bar shi sai in da gaske kuna da wanda ya isa, kuma ƙungiya da yawa ba su da shi, ba abin kunya ba ne.

Ko ɗaya ko biyu, sabon wasa za ku rubuta don wannan adadin. Kar a ɗauko tsohon sikirif na mutum goma a ce wane ya haddace duka, ana ganewa. Kuma irin na wayar da kai da muka saba yi wa ƙungiyoyin agaji, wanda a ƙarshe mai unguwa zai fito ya yi nasiha kowa ya tuba, a bar shi a gida, masu zuwa Firinj sabon labari suke nema da ba su san inda zai ƙare ba. Babban wasan ƙungiya kuma ba a yar da shi ba, a yi shi a nan Gombe inda yake cika zaure, a sa tikiti, kuɗin ya zama guzurin masu tafiya. Amma tun kafin a zaɓi wanda zai je a zauna a rubuta, sunan ƙungiya a kan fosta, in an samu wani abu ga yanda za a raba, in an ci bashi ga wanda zai biya, don na ga wannan maganar ta raba abokai fiye da kowace.

Jos tana nan kusa, ƙungiyar Jos Repertory Theatre sun saba shirya bikin wasan kwaikwayo, ba irin na kowa ya zo ba ne amma ya kamata wanda za a tura ya je ya zauna ya ga yanda ake aiki da fitila da ƙaramin dandamali. Sannan kafin ku biya kuɗin rajista ko sisi, ku tara mutum ashirin a aji, ba abokanku ba, ba 'yan uwanku ba, a samu uku ko huɗu da ba sa jin Hausa sosai, a yi wasan daga farko har ƙarshe ba makirfo ba tsayawa. Mutum ɗaya ya zauna a baya da agogo yana rubuta minti nawa aka yi kafin wani ya zaro waya. In tun minti goma wayoyi sun fito, a ƙara mutum na biyu ko a koma kan rubutun. In an kai arba'in ba wanda ya motsa, ku ɗauki bidiyon wannan ranar, shi za ku tura wa masu ɗakin wasa.